Mayar da Tsohon Keke Mai Giya Zuwa Mai Giya Ɗaya da Kuɗi Kaɗan

Tambaya: "Assalamu alaikum. Na sayi keken gwanjo mai giya 18, faranti uku a gaba, shida a baya. Giyar ta ƙi zama, sarƙa tana yawan zamewa, wayar giyar ma ta tsinke. A cikin gari nake hawansa, daga gida zuwa wurin aiki, hanyar kuma ba tudu. Wani abokina ya ce in sa a kwance kayan giyar, a datse sarƙar a ɗora ta kan faranti ɗaya, shi ke nan. Hakan zai yi? Ba ni da kuɗin sabon wili."

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Aikin zai yiwu, kuma ba sai ka sayi wili ba. Sai dai shawarar abokinka ita ce wadda na fi hana mutane bi, don haka bari mu fara da ita.

Farantan bayan keke mai giya an ƙera su ne don sarƙa ta riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Haƙoransu gajeru ne, wasu an zaftare musu gefe, kuma tun da kamfanin Shimano ya fito da samfurin Hyperglide a 1989 aka riƙa yi musu 'yan matakala a jiki waɗanda ke ɗauke sarƙa su kai ta sama. Muddin macanjin giya yana nan, wato ƙarfen nan mai 'yan wili biyu da ke rataye a baya yana tura sarƙa daga faranti zuwa faranti, shi ke riƙe sarƙar a inda aka aje ta, sifirin ɗinsa kuma yana shanye ragowar tsawonta. Idan ka cire shi ka datse sarƙar daidai da faranti ɗaya, ba abin da ke tsare ta kuma. Ranar da ka faɗa rami ko ka miƙe tsaye kana taka feda, sai ta haye farantin da ya fi girma. Tsawonta bai isa wannan farantin ba, ƙafarka kuwa ba ta san da haka ba, tana ta dannawa. A nan ake lanƙwasa aksul, a tsinka sarƙa, wani lokaci ma a buɗe bakin firam. In kuwa ƙasa ta faɗo, kan ƙaramin faranti, sai ta saki gaba ɗaya, feda ta tafi da kai a wofi. An je neman ƙiba an samo rama ke nan. Wannan dabarar ta wanda macanjin giyarsa ya karye a daji ce, ya lallaɓa ya iso gida. Ba ta hawan kullum ba ce.

Kafin ka kashe ko sisi, kifa keken ka cire wilin baya ka duba abu biyu, domin su za su faɗa maka irin aikin da ke gabanka.

Na farko shi ne tsagar da aksul ke shiga a ƙarshen firam. Idan doguwa ce, a kwance ko a ɗan karkace tana kallon gaba, har aksul yana iya matsawa gaba da baya kamar santimita biyu, to ka yi sa'a, da ita za ka ɗaure sarƙarka. Yawancin kekunan ƙarfe na kafin ƙarshen shekarun 1980 haka suke, da kuma masu araha da yawa na bayan nan. Idan gajeriya ce tana kallon ƙasa, aksul ya shiga ya tsaya wuri guda, akwai ƙarin magana, zan zo kanta.

Na biyu shi ne yadda farantan baya suka hau kan hob, wato cibiyar wili inda sifok suka taru. Iri biyu ne. Akwai firiwil mai zare, wanda gaba ɗayansa ake murɗa shi a kan hob kamar noti, ƙarar "tik-tik" ɗin nan kuma a cikinsa take. Akwai kaset, wanda farantansa ake zura su a kan wani gwangwani mai tsaga-tsaga da ke jikin hob, a kulle su da zobe. Juya farantan baya da hannu ta inda suke yin "tik-tik" ka kalli tsakiya, inda makullin kwancewa ke shiga. In wurin ya tsaya cak farantai na juyawa, firiwil ne. In yana juyawa tare da su, kaset ne. Mai faranti shida irin naka kusan kullum firiwil ne, kuma wannan alheri ne gare ka, saboda zarensa, mai faɗin inci 1.37 da layi 24 a kowane inci, shi ne dai zaren firiwil mai faranti ɗaya na kekunan Raleigh da Phoenix da Hero da muka taso muna gani. Kayansu na nan a shagon kowane mai gyaran keke, sabo da tsoho. Ga 'yan uwa na Maraɗi da Damagaram akwai jan kunne: tsofaffin kekunan Faransa irin su Peugeot da Motobécane na kafin farkon shekarun 1980 da yawansu zaren Faransa gare su, milimita 34.7, layi ɗaya a kowace milimita. Bambancin kaɗan ne, har firiwil ɗin zai fara hawa kamar zai yi, sannan ya cije. In ka ji ya cije bayan zagaye biyu ko uku kada ka matsa masa, zaren hob ɗin zai cinye.

Sai zaɓen giyar da za ka zauna a kanta. Tunda kekenka yana tafiya ko yaya, ɗora sarƙar da hannu a kan giya ɗaya ka yi mako guda kana hawa ba ka taɓa ta ba. Wadda ta yi maka daɗi da safe kana da ƙarfi, kuma ba ta gallabe ka da yamma kana dawowa iska na tura ka baya ba, ita ce taka. Ƙirga haƙoran farantin gaba da na baya ka raba. Kekunan gwanjo masu tayar inci 26 galibi farantansu na gaba 28 da 38 da 48 ne, ko 24 da 34 da 42. A ce 38 a gaba, 16 a baya: taya na zagayawa sau 2.4 a kowane zagayen feda, kusan mita 4.9 ke nan a ƙasa. In kana taka feda sau 70 a minti, kana gudun kilomita 20 da ɗoriya a awa, wanda ya ishi mai zuwa aiki a gari mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin Kano ko Katsina. In ka sa 18 a baya gudun zai sauko wajen kilomita 18, amma zai fi sauƙi a rairayi, ko in kana ɗauko yaro ko jarkar ruwa a kariya. Mutumin Jos da hawa da gangara suka yi wa yawa, 18 ɗin zan ba shi shawara, ko ma 20. Don ka samu ma'auni, tsohon keken gida mai tayar inci 28 da 44 a gaba, 18 a baya, yana cin kusan mita 5.4 a zagaye ɗaya. Matasa sukan so giya mai nauyi don a ce kekensu na gudu. A cikin gari kullum tsayawa kake kana tashi, gwiwa ce ke biyan bashin. In kana wasi-wasi tsakanin biyu ɗauki mai sauƙin.

Kada kuma wani ya ce maka ka rage wa keken daraja. Gasar Tour de France ta Faransa da aka fara a 1903, sai a 1937 aka yarje wa mahayanta amfani da macanjin giya. Kafin nan in sun iso gindin dutse sauka suke yi su juya wilin baya zuwa ɗaya farantin da ke ɗaya gefen.

To, mu ɗauka naka firiwil ne mai zare, tsagar firam kuma doguwa. Kwance tsohon firiwil shi ne wurin da ake gumi, domin kowane taki na feda ƙara ɗaure shi yake yi, shekara da shekaru. Akwai makullinsa, ɗan gwangwanin ƙarfe mai haƙora ko tsaga. Kai wa mai gyara ya ɗaure makullin a bais, ya kifa wilin a kai, ku kama taya ku murɗa hagu. In ba makullin, kuma ba ka bukatar tsohon firiwil ɗin, akwai hanyar ɓarna: murfin da ke fuskarsa mai 'yan ramuka biyu zarensa na hagu ne, wato ta dama yake kwancewa. A sa ƙusa da guduma a bubbuga shi ya fita, farantai su zame, ƙananan boris su zube, sai a kama cibiyar da ta rage a bais a murɗa wilin. Abu ɗaya dai, kada ka yarda a kwance sifok kafin a cire firiwil. Rim ɗin shi ne abin da kake kamawa ka samu ƙarfin murɗawa. In babu shi hob ɗin ya zama kaya. Da ya fita, goge zaren, shafa masa giris, ka fara ɗora sabon da yatsu, ba da sifana ba, don hob ɗin alminiyam ba ya jure a hau zarensa a karkace.

Yanzu mun zo kan abin da ke raba aikin da zai daɗe da wanda zai dame ka, wato layin sarƙa. Farantin gaba da na baya dole su kasance a kan layi ɗaya miƙaƙƙe. Da ka ɗora firiwil mai faranti ɗaya za ka ga ya lafe can ciki kusa da sifok, ga wani dogon fili a banza tsakaninsa da firam, inda sauran farantai biyar suke a da. In ka ɗora sarƙa a haka za ta tafi a karkace, ta riƙa ƙara, ta ci gefen haƙora, ta kuma riƙa faɗuwa. Nemo rula mai milimita. A gaba, auna daga tsakiyar bututun da ke ƙarƙashin sirdi zuwa tsakiyar haƙoran farantin da ka zaɓa. A baya, auna faɗin da ke tsakanin ƙafafun firam biyu daga ciki. Mai faranti biyar yakan zama 120, mai shida ko bakwai 126 ko 130, na hawan dutse da suka biyo baya 135. Raba shi biyu, sannan ka cire tazarar da ke tsakanin cikin ƙafar dama da tsakiyar haƙoran firiwil. Misali faɗin 130 ne, rabinsa 65, tazarar ta zo 29, layin baya 36 ke nan. In na gaba ya zo 46, akwai giɓin milimita 10 da za ka cike. Bambancin milimita ɗaya ko biyu ba komai, fiye da haka a gyara.

Gyaran ba ya cin kuɗi, haƙuri yake ci. A kan aksul ta ɓangaren dama akwai dogon zoben ƙarfe da washa da aka sa don ba wa farantai shida wuri. Kwance notin kulle, ka ɗebe daidai milimitar da kake bukata daga dama ka mayar da ita hagu. Jimillar faɗin bai canja ba, amma hob ɗin ya matsa dama, firiwil ya zo daidai da farantin gaba. Za ka murɗa kon ɗin gefe biyu, wato notin da boris ke birgima a kansa, don aksul ya leƙo daidai wa daida ta kowane ɓangare. Tunda ka riga ka buɗe, wanke boris da kananzir, ka sa sabon giris, ka mirgina aksul ɗin a kan gilashi ko tebur mai santsi ka gani ko ya lanƙwashe. Irin waɗannan wilin sun yi suna wajen lanƙwasa aksul, saboda boris ɗin dama yana nesa da firam. Matsar da hob ɗin da ka yi yana rage wannan nisan, ka ga riba biyu ke nan.

Sai dai hob ya matsa, rim ma ya bi shi, taya ta koma jingine da ƙafar firam ta dama. Dole a dawo da rim tsakiya da sifok. Fara daga ramin bawul don kada ka ɓace: sassauta kowane sifok na dama rabin zagaye, ɗaure kowane na hagu rabin zagaye, ka zagaye wilin gaba ɗaya, ka mayar da shi kan firam ka duba, ka sake. Kwana ɗaya kafin aikin ɗiga mai a kan kowane notin sifok, don na gwanjo sukan yi tsatsa su ƙi motsi. Bayan an gama cire taya da ƙyallen rim ka shafa da yatsa. Sifok ɗin hagu da ya leƙo sama da notinsa a goge shi da zarto, in ba haka ba faci ba zai ƙare maka ba. In ba ka taɓa ɗaurin wili ba, wannan ne wurin da ya cancanci ka biya mai gyara, ka zauna kusa ka kalla. Wilin da aka yi wa haka ya fi ƙarfi a kan yadda yake a da, domin ɗaurin sifok na gefe biyu ya kusa zama ɗaya.

Wani lokaci ana iya rage aikin ta gaba. In farantan gabanka da ƙusoshin noti aka ɗaure su, kwance su ka mayar da wanda kake so mazaunin ciki, ka cike tsawon ƙusoshin da washa tunda yanzu faranti ɗaya suke riƙewa. In kuwa irin masu araha ne da aka dunƙule farantan uku da ribit ko walda, ƙyale su yadda suke, ka yi amfani da na tsakiya. Ba kyan gani, amma ba ya hana tafiya. Haƙoran na tsakiyar su ma an yi su ne don sakin sarƙa, saboda haka in ka ga tana faɗuwa ta gaba, bar macanjin giyar gaba a wurinsa, ka ɗaure sukurorinsa biyu har kejinsa, ƙarfen da sarƙa ke bi ta cikinsa, ya tsaya daidai kan sarƙar ba ya taɓa ta. Ya zama mai gadi, ba waya ba komai.

Sarƙa kuma sabuwa za ka saya, kada ka yi rowa a nan. Tsohuwar ta miƙe, za ta cinye sabon firiwil cikin ɗan lokaci. In kana son tabbatarwa, gaɓa 12 cikakku na sabuwar sarƙa inci 12 ne cif. Wadda ta wuce da kashi ɗaya bisa takwas na inci ta gama aiki. Faɗin sarƙa iri biyu ne: mai kauri ta keken gida, inci 1/8, da siririya ta keke mai giya, inci 3/32. Mai kaurin tana hawa kan siraran haƙora lafiya lau, siririyar kuwa ba ta shiga haƙora masu kauri. Firiwil ɗin keken gida mai kauri ne, don haka sarƙar keken gida za ka saya, ita ce ma ta fi araha. Duba dai kada ta riƙa gogar babban farantin da ke gefenta.

Wajen yankewa, tura aksul kusa da gaban tsagar, ka naɗa sarƙar a kan farantan biyu, ka yanke a gaɓa mafi kusa da za ta haɗu. Ƙara gaɓa cikakkiya ɗaya yana matsar da aksul baya rabin inci, kusan milimita 13. In tsagar ba ta kai ba akwai rabin gaɓa, mai matsar da shi milimita 6. Ja wilin baya, daidaita taya a tsakiya, ɗaure noti. Sarƙar kada ta yi tauri kamar tsirkiyar gurmi. A tsakiyarta ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya. Juya feda a hankali zagaye da yawa, za ka ji wani wuri ta ɗaure wani wuri ta saki, domin ba farantin da yake da'ira cikakkiya. A wurin da ta fi ɗaurewa ake saiti. Sarƙar da aka ja fiye da kima boris take ci, na hob da na feda duka.

Akwai wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba. A kekuna da yawa macanjin giyar baya yana rataye ne da wani faifan ƙarfe mai ƙugiya da ke shiga ƙarƙashin notin aksul. Da ka cire shi, kaurin wurin ya ragu. In aksul ɗinka mai noti ne ba matsala. In mai sakatar hannu ne, wanda ake kullewa ba tare da sifana ba, kan aksul ɗin zai iya leƙowa waje da firam, sakatar ta matse aksul maimakon firam, kai kuwa kana ji kamar ta ɗauru. Taki ɗaya mai ƙarfi wilin zai goce ya daki ƙafar firam ta hagu. A rage kan aksul ɗin da zarto, ko a sauya shi da mai noti. Ni mai notin na fi so a irin wannan aikin, tare da washa mai haƙora, ko ba komai ɓarawo ma sai ya nemo sifana 15.

In kuma ka duba ka ga kaset ne, ka huta da taɓa sifok. Kwance zoben kulle, zare farantai, zaɓi ɗaya, ka cike gaba da bayansa da zobban da ke tsakanin farantan tsofaffin kaset, waɗanda masu gyara ke zubarwa. Bututun ruwa na roba mai faɗin ciki milimita 35 ma yana yi in an yanka shi a miƙe. Matsar da farantin ciki ko waje har layi ya daidaita, ka bar ƙaramin farantin ƙarshe a mazauninsa don zoben kulle ya samu abin cizo.

Sai mai gajeriyar tsaga, wadda aksul ba ya motsi. A nan ba yadda za ka ja wili, dole wani abu ya shanye ragowar sarƙa. Mafi arha shi ne tsohon macanjin giyarka, ko da wayarsa ta tsinke, in dai sifirin ɗinsa na da rai. Murɗa sukurin da ke hana shi fita waje har 'yan wilinsa biyu su tsaya daidai ƙarƙashin farantin da ka zaɓa. In sukurin ya gaza, nemo dogo mai zare irin nasa. Rage sarƙar har macanjin ya miƙe sosai. Sarƙa mai kauri ba kasafai take wucewa ta kejinsa ba, saboda haka a nan siririya za ka riƙe, da faranti siriri. Gaskiyar magana, in wannan ne irin firam ɗinka, bar tsohon firiwil ɗin ma a wurinsa, ka kulle macanjin a kan faranti ɗaya, ka cire wayoyi da maɓallan hannu. Ba abin da zai haye, tunda mai tsaron sarƙar yana nan. Wasu suna neman haɗin haƙoran da sarƙa za ta zauna daidai ba tare da komai ba. Kowane haƙori da ka ƙara, gaba ko baya, daidai yake da ɗaure sarƙar da kusan milimita 3 na motsin aksul. Yana yi, amma da sarƙar ta ɗan miƙe ka koma gidan jiya. Masu cewa a faɗaɗa tsagar da zarto ko a kai wa mai walda, ban goyi bayansu ba, balle in firam ɗin alminiyam ne.

Birki biyu duka ka bar su. Firiwil ba ya tsayar da keke, ka daina taka feda ya ci gaba da gudu. Kuma duk sanda ka matsar da wili gaba ko baya, duba takalman birkin baya, don sukan tashi daga kan rim su hau gefen taya su yanka ta.

Abin da za ka saya dai firiwil ɗaya ne, sarƙa ɗaya, 'yan washa da giris, sai ladan mai ɗaurin wili. Macanjin giya da maɓallan da ka cire kada ka zubar, masu gyara kan karɓa su rage maka kuɗin aiki. Bayan kwana biyu ko uku da fara hawa sake duba ɗaurin sarƙar da notin aksul, domin sabuwar sarƙa takan ɗan saki da farko. Lokacin hunturu kuma kada ka yi mata wanka da baƙin mai, ƙura yake tarawa ta zama abin da ke cin haƙora. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda, ka goge na waje da tsumma.